Sista Sannu, Mai Tafiya a Ƙarshen Layi

Kafin in shiga magana, ya kamata in gabatar da mutanen da wannan rubutu ya shafa, domin kada mai karatu ya yi ta lalube. Ta farko ita ce wadda aka yi rubutun dominta, tsohuwar ma'aikaciyar jinya, wadda muke kira Sista Sannu. Sai Kafinta, wanda ta hanyar abin da ya same shi nake son a ga aikinta. Sai matar Kafinta, da babban ɗansu, da 'yarsu Auta tare da jaririnta. Sai Direba, abokin tafiyar Kafinta, mutumin da bakinsa ba ya hutawa. Akwai Likita, wanda zai leƙo ya wuce, da wata ma'aikaciyar jinya da za ta zo daga ƙarshe. Ni mai rubutu tsohon tela ne, ina cikin masu tafiyar. Ban riƙe alƙalami ba sai da furfura ta fito mini. Abin da ban gani da idona ba, daga bakin masu shi na ji, kuma da izininsu na rubuta.

Kowace safiya, tun rana ba ta yi zafi ba, kafin 'yan makaranta su fara isowa, Sista Sannu takan buɗe ƙaramar ƙofar filin makarantar da makullin da aka ba ta. A kafaɗarta akwai jaka mai ɗauke da na'urar awon jini da gorunan ruwa, a hannunta kuma kujera mai naɗewa. Takan zagaya filin ita kaɗai tukuna, tana tsince duwatsu da fasassun kwalabe daga hanyar da za mu bi. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa ta tarbi masu zuwa ɗaya bayan ɗaya. Gaisuwarta doguwa ce, har baƙo yakan ɗauka son surutu ne. Tana tambayarka kwanan iyali, amma kunnenta yana kan numfashinka. Tana tambayarka gajiya, amma tana duban idon sawunka ko ya kumbura. Wanda ta ga alamar da ba ta kwanta mata ba, ranar ba zai taka ba. A kan kujerar nan zai zauna, daga nan kuma sai asibiti.

Mu da muke taruwa a filin abu ɗaya ne ya haɗa mu: zuciya ta taɓa yi mana gargaɗi. Wani an tsaga ƙirjinsa an gyara, wani an buɗe masa jijiyar da ta toshe, wata kuma ƙwayoyi ne ke riƙe da ita. Sista ta yi shekaru masu yawa tana aiki a ɗakin masu irin ciwonmu. Ta ce abin da ya fi damunta a lokacin shi ne ganin mutum an sallame shi lafiya, bayan 'yan watanni a dawo da shi ya rame, ya dushe, alhali maganinsa bai canza ba. Da ta bincika sai ta tarar tsoro ne ya zaunar da shi a ɗaka, zaman kuma ya ƙarasa abin da ciwo ya fara. Da ta yi ritaya ta je ta sami Likita da shawararta. Ya amince, bisa sharaɗin ba wanda zai shiga tafiyar sai ya duba shi ya yarda. Har yau ba ta taɓa karya wannan sharaɗi ba, kuma ba ta taɓa rubuta wa kowa magani ba. Ba wanda yake biyanta.

Dokokinta biyu ne. Ta farko, wanda ya fi kowa rauni shi ne a gaba, sauran su bi takunsa, komai ƙarfinsu. Ta biyu, ba a tafiya shiru. Kowa yana da abokin hira a gefensa, maza a layinsu, mata a nasu, domin muddin mutum yana iya tafiya yana kai ƙarshen maganarsa, to bai matsa wa zuciyarsa ba. Idan abokinka ya daina amsa maka, sai ka ɗaga hannu ka ce, "Nawa ya yi shiru!" Nan take kowa ya tsaya. Ita kuwa wurinta ƙarshen layi ne, inda take ganin kafaɗar da ta karkace da ƙafar da ta fara ja. Kalmar da ta fi fita daga bakinta daga can baya ita ce ta zama sunanta.

Idan an gama zagaye sai a zauna a inuwa. A nan take koya mana batun gishiri da mai da taba, da yadda ake shan magani ba tare da tsallake ba, da alamun da in mutum ya ji su ba zai jira gari ya waye ba. Wasu ranakun ba karatu, sai ludo da gardama. Akwai ɗan lambu a kusurwar filin da muke ba ruwa bi da bi. Wanda aka kwana biyu ba a gani ba, a je gidansa.

Ke ce, Sista, kika mayar da filin wasan yara ya zama wurin da tsofaffi ke koyon tafiya karo na biyu.

Kafinta ya faɗi ne a shagonsa da rana tsaka, yana cikin goge katakon ƙofa. Matarsa ce ta kawo masa abinci ta same shi kwance cikin garin katako, hannunsa dafe da ƙirji. Aka yi masa aiki, Allah ya tashi kafaɗunsa, aka sallame shi.

Gidan da ya koma ba shi ne gidan da ya bari ba. An ɗauke rediyo daga ɗakinsa. An karɓe wayarsa. An naɗe ƙafafun kujeru da tsumma don kada su yi ƙara. Idan ya miƙa hannu zai ɗauki kofi, sai wani hannun ya riga shi. Da ya fito tsakar gida sai hira ta mutu, kowa ya bi shi da murmushi irin na masu zuwa dubiya. Shagon an garƙame, makulli yana wurin babban ɗansa. Ba wanda ya yi haka don mugunta, kuma Kafinta ya sani, shi ya sa ma ya rasa wanda zai yi fushi da shi. Mutumin da ya saba da ƙarar zarto tun yana saurayi ya koma sauraren bugun zuciyarsa, yana jiran ya ji inda za ta tsallake.

Likita ne ya gaya wa Sista cewa akwai wani da ya isa fara tafiya amma ba a ganinsa. Ta je gidan, ta yi sallama da cikakkiyar muryarta. Matar Kafinta ta fito da sauri da yatsa a kan leɓe.

"Sannu da zuwa, Yaya," ta ce cikin raɗa. "A hankali, yana ciki."

"Barci yake?"

"A'a, idonsa biyu."

"An yi rasuwa ne?"

"Subhanallahi! Babu."

"To, me ya sa muke raɗa?"

Kafinta ya ce daga kan gadonsa ya ji wannan tambaya, kuma ita ce magana ta farko da ta shigo ɗakin da ƙarfin muryar ɗan Adam tun dawowarsa. Da ƙyar aka shawo kan iyalin. Babban ɗan ya yarda zai riƙa kawo shi a mota, amma zai tsaya a bakin ƙofar filin har a gama.

Ranar farko aka sa shi a gaba. Da ya fahimci ma'anar wurin sai ransa ya ɓaci. Shi da yake ɗaga katakon rufi shi kaɗai, yau shi ne mafi rauni a cikin tsofaffi, har da masu dogara sanda? Aka ba shi Direba ya zama abokin hirarsa.

"Kai ne sabon jagora? Madalla," in ji Direba. "Ni ma na yi wannan sarauta, an tuɓe ni. Ka ja mu a giya ɗaya, Mai Guduma, kada ka sa ta biyu. Duk motocin da ke bayanka birkinsu ya cinye."

Kafinta ya kawar da kai.

"Sista!" Direba ya waiwaya. "An haɗa ni da bango!"

"Tambaya za ka yi masa, ba wa'azi ba," ta amsa daga can baya.

Direba ya ɗan yi tunani. "To, ƙofar ɗakina ce ta kumbura, ba ta rufuwa. Na yi niyyar in shafa mata baƙin man inji, gefe da gefe."

Kafinta ya yi taku kaɗan yana cije leɓe, sannan abin ya gagare shi. "Man inji? A jikin katako? Wane marar sani ne ya ba ka wannan shawara?"

"Ni na ba kaina."

"Cire ta za ka yi a ɗan fere gefen. Da ka kawo mini..." Sai ya tuna shagon a rufe yake. Amma dai ya yi magana, kuma ya kai ƙarshen zagayen ba tare da ya tuna da ƙirjinsa ba.

Makonni suka wuce. Sababbi suka zo waɗanda suka fi shi rauni, aka tuɓe shi daga gaba ya koma tsakiyar layi. Launin fuskarsa ya dawo. A fili yakan yi musu da Direba a kan komai, har a kan yadda ake ba lambu ruwa. Amma da zarar mota ta ajiye shi a ƙofar gida, sai ya sake shiga ɗakin shiru. Ya nemi makullin shago sau da dama, a ce masa, "Baba, bari dai ka ƙara jin ƙarfi." Ya tambayi Auta, wadda ya san tana da juna biyu, me ya sa ta daina zuwa, a ce nauyi ne ya yi mata yawa, da saura tukuna. Takan gaishe shi ta wayar mahaifiyarta, a gajarce. A hankali ya fara gaskata abin da idanun gidan suke gaya masa, cewa tafiyar safe wasa ce kawai, shi dai ya gama. Ya yanke a ransa cewa ƙarshen wannan makon zai ce wa ɗansa a raba kayan aikinsa ga masu bukata, a mayar wa mai shago da shagonsa.

Abin da bai sani ba shi ne Auta ta riga ta haihu. Haihuwar ta zo kafin lokaci, sai da aka yi mata aiki, aka yi kwanaki ana fargaba. Iyalin suka ce kada a gaya masa sai an ga yadda hali ya yi. Da uwa da ɗa suka samu lafiya, sai wani tsoron ya maye gurbin na farko: farin ciki ma ai girgiza zuciya yake yi. Kuma in an faɗa masa yanzu, yaya zai ji da aka ɓoye? Kowace ranar da ta wuce sai ta ƙara wa maganar nauyi. Auta takan fita waje ta yi waya da shi don kada ya ji kukan jariri.

Ina cikin layin ranar da abin ya fashe, mutum biyu ne tsakanina da su.

"Mai Guduma," in ji Direba, "ashe haka kake? A yi maka jika ka danne, don kada mu ce ka kawo mana lemo?"

"Wane jika?"

"Ji shi! Ɗana ne fa ya kai Autarka asibiti a motarsa, shi ya dawo da su gida. Jiya yake ba ni labari. Ya ce yaron kai ne sak, har wannan goshin naka mai kama da bencin aiki. Allah ya raya, amma lemo sai ka saya."

Kafinta ya ci gaba da tafiya. Ƙafafunsa suna takawa, amma bai san suna yi ba. Ya ce abin da ya fara zuwa masa ba fushi ba ne, ba kuma murna ba. Gajeriyar gaisuwar nan ta waya ce ta dawo masa, da yadda yake jin iska tana kaɗawa a bayan muryar Auta. Direba ya ƙara zolaya, bai samu amsa ba. Ya dubi fuskarsa, sai ya ɗaga hannu.

"Nawa ya yi shiru!"

Layi ya tsaya cik. Kafin mu juya Sista ta iso da kujera. Ta zaunar da shi, ta kama wuyan hannunsa.

"Ƙirji?"

Ya girgiza kai.

"Hannu? Haɓa? Jiri? Da baki za ka amsa mini."

"Ba ƙirji ba ne, Sista."

"To, mene ne?"

Ya ce, "Auta ta haihu. A bakin mutumin waje na ji." Hawaye suka gangaro masa, bai share ba. "A gidana an riga an gama da ni. Abinci kawai ake kai mini."

Babban ɗan ya taho a guje daga bakin ƙofa. Da ya gane abin da ya faru sai ya juya kan Direba. "Baba, wa ya aike ka? In wani abu ya same shi fa?" Ban taɓa ganin Direba ya rasa abin faɗa ba sai ranar. Ya tsaya riƙe da hularsa kamar wanda ya kaɗe mutum a hanya.

Sista ba ta yi wa kowa faɗa ba. Ta gama awonta, ta naɗe na'urar, ta ce wa babban ɗan, "Ɗana, za mu je asibiti yanzu Likita ya duba shi, hankalin kowa ya kwanta. Mu biya mu ɗauki mahaifiyarka. Wannan dubawar da ita za a yi."

Likita ya duba shi a gabansu, ya ce zuciyar ta ɗauki labarin, kuma za ta ɗauki wanda ya fi shi. Ya faɗi abin da zai iya yi da abin da zai guje wa tukuna, musamman ɗaga kaya mai nauyi. Matar Kafinta tana ji, amma hankalinta bai kwanta ba. Sista ta ja ta zuwa benci a baranda, suka zauna su biyu.

"Na san za ki ce na yi laifi, Yaya."

"Ban zo da wannan ba. Gaya mini abin da kike tsoro."

Sai ta faɗi abin da ko 'ya'yanta ba ta taɓa zama ta gaya musu ba. Wanta ma ciwon zuciya ya yi. Ana ganin ya warke, aka shigo aka gaya masa wani labari ba shiri, kafin yamma ya cika. Ko labarin ne, ko ajali ne ya zo daidai, ba ta sani ba, amma tana wurin. Kuma ita ce ta tsinci mijinta a cikin garin katako. "Tun ranar ban yi barci mai nauyi ba. Nakan tashi in tsaya a kansa in ga ko mayafi yana motsi. Gara ya yi fushi da ni yana raye."

Sista ta ce wannan magana ta tsaya mata a rai. "Ƙanwata," ta ce, "shi mun yi masa aiki, mun ba shi magani, mun ba shi abokin hira. Ke ba wanda ya tambaye ki yadda kika kwana. Na daɗe ina kallon waɗanda ke cikin layi, ban waiwaya na ga na bakin ƙofa ba. Ba zan ce miki ba abin da zai same shi ba, wannan ba a hannuna yake ba. Amma mutumin da kike tsaro yana ƙarewa a cikin tsaron. Gobe ki zo filin. Ba rakiya ba, tafiya za ki yi."

Daga wannan zama ne aka fara ranar iyali. Sau ɗaya a mako mata da maza da 'ya'yan masu ciwo sukan shiga layi, su zauna a inuwa, su tambayi abin da suke jin nauyin tambaya a gaban Likita, a koya musu abin da za su yi in ta ɓaci, domin wanda ya san abin yi tsoronsa yakan ragu.

Daga asibiti ba gida suka nufa ba, gidan Auta suka wuce. Ta ga mahaifinta a bakin ƙofa ta fashe da kuka, ta durƙusa tana ba shi haƙuri. Ya ce, "Tashi, ke da ɗinki a jiki. Ina mutumin?" Aka ɗora masa jaririn a cinya. Ɗakin ya yi tsit, kowa yana kallon ƙirjinsa ba jaririn ba. Ya duba goshin da kyau.

"Direba maƙaryaci ne," ya ce. "Nawa ya fi wannan kyau."

Dariyar da aka yi ita ce ta farko a gabansa tun ranar da ya faɗi. Ya dubi ɗakin, ya ga 'yar katifa a gefen gadon uwar.

"A nan yake kwana? Jikan kafinta ba shi da gado?" Ya miƙa wa babban ɗansa hannu. Ɗan ya dubi mahaifiyarsa, sannan ya sa hannu a aljihu ya fito da makullin. Ashe duk tsawon watannin nan a jikinsa yake yawo da shi.

"Malam..." in ji matar.

"Kin ji Likita. Nauyi ya hana ni, bai hana ni awo da fensir ba. Wannan ƙaton shi zai ɗaga katako."

"To, ni a shagon zan riƙa zama."

"Ki zo. Amma da doka: ba a aiki shiru. In na daina amsa miki, ki yi ihu."

Haka aka yi gadon, sannu a hankali. Tana zaune a kan benci tana ba shi labarin duk abin da aka ɓoye masa, babba da ƙarami, yana goge katako yana amsawa. Ya ce wasu labaran ma da an ci gaba da ɓoyewa da bai yi asara ba. Daga baya ya yi mana bencuna a inuwar filin, ya kuma fere ƙofar Direba, bayan ya sha wahalar kankare man injin da aka riga aka shafa mata.

Ke ce, Sista, kika san cewa ciwon zuciya ba mutum ɗaya yake kwantarwa a gida ba. Ke ce kika saurari mai jinya kamar yadda kike sauraren majinyaci. Mai dogon haƙuri, mai gajeren taku, ba ki taɓa gaya wa ɗayanmu cewa ba zai mutu ba. Kin dai hana mu fara mutuwar tun ba ta zo ba.

Shekaru sun tura. A bana muka lura tazara tana buɗewa tsakanin mutum na ƙarshe da Sista. Gwiwoyinta ne. Kujerar nan mai naɗewa da take ɗauko wa wasu, ita ta fara zama a kai. Wata safiya bayan zagaye ta ce mana ta gama. Likita ya turo wata ma'aikaciyar jinya da za ta karɓi awo da ƙarshen layi, kuma ta riga ta nuna mata komai. "Ba zan iya riskar wanda ya yi shiru da sauri ba," ta ce, "kuma ba zan zama mai ja muku baya ba. Ƙarshen mako zan miƙa makulli in zauna a gida."

Kalmar zama a gida ce ta soki Kafinta. Ya san ɗakin da take shirin shiga, ya san yadda shirunsa yake.

Ranar da za ta miƙa makulli filin ya cika, har da waɗanda suka daɗe da komawa bakin aikinsu. Aka yi layi. Ta nufi baya kamar kullum, a karo na ƙarshe. Sai Kafinta ya fito daga layi riƙe da sanda, wadda ya sassaƙa ya goge har tana sheƙi, ya yi mata mariƙi daidai tafin hannunta.

"Sista, ina da tambaya. Mece ce doka ta farko?"

"Kai ma ka sani."

"Na tsufa, na manta. Tuna mini."

Ta dube shi, ta dubi sandar. "Wanda ya fi kowa rauni shi ne a gaba."

"A cikin dokar akwai inda aka ce ya koma gida?"

Matar Kafinta ta fito daga layin mata ta kama hannunta. "Taho, Yaya. Ni ce abokiyar hirarki."

Aka kai ta gaba. Ta karɓi sandar, ta gwada ta a ƙasa, ta ɗaga ƙafa, dukanmu muka bi takunta. Ban taɓa ganin an yi zagaye a hankali kamar na ranar ba, kuma ba wanda ya ƙosa. Da muka kai wajen lambu sai ta tsaya ta juyo. Ta daɗe tana kallonmu. Matar Kafinta ta yi mata magana, ba ta amsa ba. Direba ya ɗaga hannu daga tsakiyar layi.

"Tamu ta yi shiru!"

Sista ta share idonta da gefen mayafi. "Ba ƙirji ba ne," ta ce. "Shekara da shekaru ƙeyarku kawai na sani. Ashe haka fuskokinku suke in kuna tafiya."

Ta miƙa makulli da jaka ranar, amma har yau tana zuwa, kuma ba a samu wanda ya tuɓe ta daga gaba ba tukuna.

Sista Sannu, mun gode. Matanmu da mazanmu da 'ya'yanmu sun gode. Allah ya saka miki da alheri, ya sassauta miki gwiwoyin nan, ya ba wadda ta gaje ki irin kunnenki. Ku kuma masu karatu, ba sai mutum ya yi karatun jinya ba kafin ya ɗauki wani abu daga wannan baiwar Allah. In akwai mai irin ciwonmu a gidanku ko a maƙwabta, ku nemi izinin likitansa ku fito da shi, ku rage takunku daidai nasa, ku yi masa hira, ku gaya masa abin da ke faruwa a gidansa. Ku kuma tambayi mai jinyarsa yadda ta kwana.

Iyakar abin da na iya ke nan. Hannuna ya fi sabawa da allura a kan alƙalami, don haka duk wanda ya ga inda na karkace, a harafi ko a labari, ina roƙonsa ya gyara mini. Ba wuyar samuna. Ina filin kowace safiya, a tsakiyar layi, bayan Sista.